Lauyan da Ba Ya Cewa "Ƙarya Kake"

Da kakar bana Kawu Laminu ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ba na ƙirga shekarun da yatsa, ɗana na fari ne ke ƙirga min su: ina ɗauke da cikinsa aka kawo gawar daga Maradi, ga shi yau yana saɓa jaka yana tafiya lakol, wato makarantar boko. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma lauya ne, abin da mu nan muke cewa aboka. Ni aji huɗu na tsaya, don haka mai neman bayanin doka ya nema a wani shafin. Abin da idona ya gani zan faɗa, da abin da ya hana ni sakewa a 'yan watannin nan.

Ranar da labari ya iso Cadakori cewa Kawu ya gama karatu ya zama aboka, an ce kakarmu tana tankaɗe ta ɗago kai ta ce, "Abokin wa? Duk shekarun nan da ya yi a Yamai, abota ya je koyo?" Aka yi ta dariya, maganar ta zauna a gidanmu. Har ta rasu, in ya shigo gaishe ta sai ta tambaye shi abokin wa ya zama yau, shi kuma ya ce na wanda ya fi shiga uku.

Ina 'yar shekara goma sha uku ko kusa da haka Baba ya shiga shari'a da wani dattijo da gonarsa ke jikin tamu, a hanyar Sae Sabuwa. Sunan dattijon ba zai fito daga bakina ba, domin daga baya ya zama surukina. Zan kira shi Tsoho, kamar yadda muke kiransa a gida. Mahaifin Tsoho daga kudu ya ƙetaro, can bayan iyaka, kakan Baba ya sauke shi, ya nuna masa fili ya ce ya noma. Rigimar duka a kan kalma ɗaya take: aro aka ba shi ko kyauta? Mai gari ya yi iyakar yinsa, aka je gaban sarki, magana ba ta mutu ba, sai gidan shari'a na Gidan Rumji. Nan ne Inna ta aika wa ƙanenta ya zo ya tsaya wa mijinta.

Akwai wata magana maras daɗi da 'yan tsofaffi kaɗan ke riƙe da ita, a kan dalilin da ya sa mahaifin Tsoho ya baro garinsu. Ba wanda ya gani da idonsa, ji ne kawai, amma irin maganar nan ce da ke zama laƙabi ta bi mutum har jikokinsa. Ba zan rubuta ta ba. In na rubuta, me ke nan na koya a wurin Kawu? Ita ce Baba ya so a jefa a gaban alƙali, don a nuna cewa mutanen ba abin gaskatawa ba ne tun asali. Ina kawo musu ruwa a zaure da la'asar na ji Kawu yana tambayarsa ko wannan magana a cikin gonar aka shuka ta. Baba ya ce a'a, amma za ta karya su. Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, gona ka kira ni in karɓo maka, ko mutum ka kira ni in kashe? Gonar zan yi bakin ƙoƙarina. Ɗayan aikin kuwa sai ka nemi wani."

Ranar shari'a an tafi da ni don in riƙa wa Inna goyo. Muna zaune gindin wani dogon yaro, su Tsoho suna gindin wani, kowa ya juya wa kowa ƙeya. Kawu ya sauko daga mota, ya zura baƙar rigarsa mai farin ƙyalle a wuya, ya wuce mu kamar bai gan mu ba, ya nufi wancan gindin. Ina kallo ya tattara rigar ya durƙusa a gaban Tsoho, ya gaishe shi da gajiyar hanya, ya tambayi damana, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya rasa inda zai sa idonsa. Baba kuwa ya tofar da goron da ke bakinsa. Sai da ya gama da su sannan ya zo ya gaishe mu.

Wanda ya ga wannan gaisuwa zai zaci Kawu ya zo sulhu ne. Da aka shiga ciki sai na ga wani mutum dabam. Ta taga nake leƙe, goyo a bayana. In ya juya wajen alƙali Faransanci ne ke zuba kamar ruwa da bakin ƙwarya, in ya juyo wajen Tsoho sai ya koma Hausa, ba ya jiran tafinta. Al'ada ce a wajenmu, wanda aka ara wa gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya na hatsi duk kaka, ba don yawansa ba, don dai a san gona tana da mai ita. Aka tambayi Tsoho, ya ce su ba su taɓa kai dami gidanmu ba. Ni kaina, da ƙuruciyata, na sha ganin damin nan yana shigowa a bayan jaki. Na ji Baba ya yi gyaran murya zai miƙe. Kowa jira yake Kawu ya ce ƙarya ce.

Bai ce ba. Ya ɗan matsa kusa, ya sassauta murya ya ce, "Baba, shekaru sun yi nisa, ɗan Adam kuma da mantuwa aka halicce shi. A sake tunawa."

Daga nan ya bi shi a hankali. Ya tambaye shi ko ya taɓa mallakar wani jan jaki mai yankakken kunne. Ya ce ƙwarai. Ya tambaye shi wace hanya jakin yake bi da kaka ba tare da an kora shi ba. Aka ɗan yi dariya a ɗakin, har Tsoho ya murmusa. Ya tambaye shi rumbun da ke hannun dama in an shiga gidanmu, na waye. Bai ɗaga masa ƙafa ko sau ɗaya ba, gumi har ya jiƙa wa dattijon hula, amma duk tambayar da zai yi da "Baba" take farawa. Can Tsoho ya sunkuyar da kai, ya ce ya tuna, ana kai dami. Sai da na girma na gane abin da ya faru a wurin. Da an kira shi maƙaryaci a gaban 'ya'yansa, da ya kafe a kan bakansa har kabari, ƙila ma ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse. Da aka ce mantuwa ce, sai ya samu ƙofar da zai bi ya dawo da rawaninsa a kansa.

Hukunci ya raba gonar. Tsohon filin da aka ara ya dawo hannun Baba, wanda mahaifin Tsoho ya sare da gatarinsa daga daji ya zauna a hannunsu, aka dasa gamba a tsakani. Baba duka yake so. Abin da ya ƙara masa zafi, muna jiran mota a tasha ya hango Kawu da lauyan su Tsoho, wani dogon mutum mai sanƙo, suna cin tuwo a kwano ɗaya suna ƙyaƙyata dariya, mutanen da ɗazu kamar za su cinye juna. Baba ya ce an sayar da shi. Kawu ya yi masa bayani cewa a aikinsu 'yan'uwa suke kiran juna, kuma bai rage masa ko kunya ɗaya ta gona don wannan tuwo ba. Ya ce su biyun gobe wata shari'ar za su shiga su manta da wannan, amma Baba da Tsoho gobe iyaka ɗaya za su noma. Baba bai saurara ba. Damana guda bai yi masa magana ba, in an ambaci sunansa sai ya ce wuƙa ce mai kyan kube.

Ba zan yi wa mamaci ƙarin gishiri ba. Har yau ban sani ba ko da an jefa waccan magana da Baba ya samu gonar duka. Ƙila da ya samu. Shari'a saɓanin hankali ce, ni kuma ban san ta ba. Abin da na sani shi ne, bayan wasu shekaru autan Tsoho, mai gyaran babur a bakin kasuwa, ya fara tsayawa a ƙofar gidanmu, ni kuma na fara jinkirin shiga. Da manyansa suka zo tambaya, kowa a gidanmu na jiran Baba ya kore su. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce sun yi shari'a da mutanen nan, amma ba su zagi juna ba. Da wannan aka ba da ni. Magana zarar bunu ce. Da an zare ta a wancan ɗakin, da babu aurena, babu yaran nan biyu da nake kallo yanzu.

Kawu ya halarci ɗaurin auren, bai ce wa Baba ka gani ba. Bai cika shekara biyu bayan nan ba ciwo ya kayar da shi. Ranar jana'iza dogon nan mai sanƙo ya zo tun daga Maradi, ya kama makara, ya zauna zaman makoki kamar ɗan gida. Maza sun ce ya faɗa musu cewa Kawu ya sha kayar da shi a gaban alƙali, amma bai taɓa mayar da shi gida da kunya ba. Shi ma ya bi bayansa ba da daɗewa ba. Allah ya jiƙansu duka biyun, ya sa su sake haɗuwa a kwano ɗaya.

Yanzu Baba ya tafi, Tsoho ya tafi. Gambar da aka dasa, wuta ta ci wani sashe, garmar shanu ta ci wani. Bara yayana Rabe, wanda ya gaji gonarmu, ya ce mijina da 'yan'uwansa sun shigo masa. Su kuma suka ce shi ne ya shigo. Magana ta sake bin tsohuwar hanyarta, daga mai gari zuwa sarki, har Gidan Rumji. Ni ce a tsakiya: can ciki ɗaya, nan uban 'ya'yana.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga zamanin nan. A lokacinsa, in mutum zai zagi wani sai ya taka ya je, kafin ya isa ƙila zuciya ta huce. Yanzu danna waya kawai ake yi a yi magana a saki, kafin a idar da sallar azahar ta kai Agye ta kai Gazawa, har 'yan ci-rani sun ji. Ta haka saƙon Yaya Rabe ya iso kunnena. A cikin muryar da ya tura wa dangi ya ce yana riƙe da wata magana da Baba ya bar masa, ranar da ya sake ta a gaban alƙali gidan su mijina ba za su ƙara ɗaga kai a Cadakori ba. Na san maganar da yake nufi. Tun daga ranar, in ɗana ya dawo daga lakol fuskarsa nake fara dubawa kafin in karɓi jakarsa. Na san bakin yara. Suna ɗaya za su laƙa masa a filin wasa, ya bi shi har ya yi furfura. Gona in ta tafi ana iya neman wata. Yaron da aka ɓata wa suna a bakin kawunsa, wane gida zan ce masa nasa ne?

Ran kasuwa na sami Yaya Rabe a rumfarsa yana auna wake. Na gaishe shi, na zauna, na kawo maganar a hankali. Ya ce Baba da bakinsa ya gaya masa iyakar tana gindin gawo. Ni na sha kai abinci gonar nan, na san gambar ba ta taɓa kaiwa gawon ba. Kalmar "ƙarya" ta zo min har leɓe, na haɗiye ta, na ce masa ƙila ya manta ne, ya sake tunawa. Ya ajiye tiya ya dube ni ya ce, "Ke ma aboka kika zama? To abokiyar wa? Tashi ki koma gidanku, ke yanzu tasu ce." Na taso ina share hawaye da bakin mayafi. Ashe ba kalmar kaɗai ba ce, akwai sanin lokacinta, ni kuma ban iya ba.

Sauƙin ya zo ta inda ban zata ba. Yaya Rabe ya ɗauki lauya, wata matashiya 'yar Gazawa, wadda ba ta fi ni shekaru da yawa ba. Wannan kam Kawu zai yi murna da ya gani, shi da ya yi faɗa da Baba ranar da aka cire ni daga lakol. Wata rana Yaya ya shiga wurin Inna yana huci, ya ce yarinyar nan ta ƙi ɗaukar maganar. Wai ta ce masa aikinta iyakar gona ne, kuma za ta tsaya masa a kai har inda ƙarfinta ya ƙare, amma abin da ya faru da mutumin da ya daɗe da zama ƙasa ba ya matsar da gamba ko taƙi ɗaya. Inna ta tambaye shi ko yarinyar ta san Laminu. Ya ce ya tambaye ta, ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Inna ta ce min a ranar ta yi dariyar da rabonta da ita tun rasuwar ƙanenta.

Amma lauya bakinta kaɗai take iya riƙewa. Ranar da aka zauna, na tafi da 'yar ƙaramata a baya, na tsaya kusa da tagar da na taɓa tsayawa ina yarinya. Lauyan mijina saurayi ne mai zafin kai. Da Yaya ya kawo maganar gawo, sai ya daka masa tsawa ya ce ƙarya yake. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi, na ce shi ke nan, an taɓo wuta. 'Yar Gazawa ta miƙe ba tare da ta ɗaga murya ba, ta kira lauyan mijina ɗan'uwanta, ta roƙe shi ya janye kalmar, ya kawo hujjarsa in yana da ita. Saurayin ya ɗan tsaya, kamar wanda aka yayyafa wa ruwan sanyi. Ya janye da Faransanci, sannan ya juyo wajen Yaya ya ce da Hausa, "Malam Rabe, ka gafarce ni, bakina ne ya riga ni." Daga nan suka ci gaba da fafatawa, ba wanda ya sassauta wa wani. Gaskiya ita ta fi matsa wa mijina lamba, har na ji haushinta.

Da za a tashi, alƙali ya tambayi Yaya ko yana da abin da zai ƙara. Ya ce akwai. Na kama ƙarfen taga. Tafinta ya ɗago kai ya dube shi. Ban san abin da ya zo wa Yaya a rai ba, bai juyo wajena ba. Sai ya ce roƙonsa a je gonar a tona, domin gamba ko an ƙone ta saiwarta tana ƙasa, inda aka same ta shi ya yarda. Ya koma ya zauna.

A waje bai gaishe da mijina ba, mijina ma bai gaishe shi ba. Ya zo wucewa ta gabana ya tsaya, ya ja ƙafar 'yar da ke bayana, ya tambaye ni me ya sa ɗana ya daina zuwa wurinsa cin gyaɗa. Na ce ai shi ya san dalili. Ya kawar da kai ya ce, "Ki turo min shi ran Juma'a. Da ubansa nake shari'a, ba da shi ba."

Har yanzu ba a je tonon ba, sai an gama kwashe wake. Ban san inda saiwar za ta fito ba, kuma duk inda ta fito ɗaya daga cikin gidajena biyu zai yi baƙin ciki. Ban kuma da tabbacin cewa Yaya zai riƙe bakinsa in ta fito inda ba ya so. Tsoron bai bar ni duka ba. Amma Hausawa sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu, an yi sa'a.

Kawu bai bar gidan bene ba. Baƙar rigarsa tana cikin adakar Inna, ta fara kore. Na daɗe ina zaton halinsa nasa ne shi kaɗai, an binne shi da shi. Sai ga shi na gan shi a bakin yarinyar da ba ta taɓa jin sunansa ba, na gan shi a saurayin da ya yi kuskure ya dawo a gaban jama'a. Ashe shi ma karɓa ya yi daga waɗanda suka riga shi, ya riƙe da kyau, ya ajiye inda na baya za su samu. Ku masu baƙar riga, ga roƙon uwa: ku yi faɗan iyakar ƙarfinku, don shi aka ɗauke ku. Amma ku tuna mutanen da ke gabanku gari ɗaya za su koma, rijiya ɗaya, maƙabarta ɗaya, kuma akwai yara a gida da ba su san an yi ba.

Ran Juma'a na yi wa yaron wanka, na sa masa rigarsa ta sallah, na ɗora shi a amalanken maƙwabcinmu. Ya tambaye ni ina za shi, na ce gidan Kawu. Ya ɗan yi tunani ya ce, wanda kike yi wa addu'a kullum? Na ce a'a, wancan nawa ne. Wannan naka ne, kuma yana jiranka.